Ranar da Kowa Ya Sami Kujera Ta Ɗaya

Ni mace ce mai haƙuri, ku tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa a tagata yana neman a canza masa tikiti bayan mota ta tashi. Amma akwai mutum ɗaya a tasharmu da idan ya buɗe baki sai in ji haƙurin nan ya tattara kayansa ya fice. Ƙanin matar Maigida ne. Mu ma'aikata Na-Sani muke ce masa a bayan idonsa, saboda ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka fara cewa ruwa ya ɗauke a banɗaki, kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani." Wata rana Dogo, mai taga ta ɗaya, ya ce masa jiya ya yi mafarki, wallahi mutumin nan ya ce ya sani. A gaban idonsa kuwa Injiniya muke cewa, don shi ya ce a ce, kuma yayarsa ce ke auren mai kamfanin.

Kamfaninmu na motocin dogon zango ne, ni kuma ina taga ta biyu ina sayar da tikiti. Komai na tashar da kwamfuta yake aiki: tagogin tikiti da firintocinsu, sikelin auna kaya, da babban allon da ke rataye a zauren jira yana nuna motar da za ta tashi. Dukkansu daga wuri ɗaya suke karɓar manhajojinsu, wata baƙar kwamfuta mai gurnani da ke cikin ɗan ɗaki a bayan kujerata. Rumbu muke ce mata. Kamfani ya ajiye nasa rumbun ne don kada kowace kwamfuta ta shiga intanet ta kwaso abin da ta ga dama. Kullum da safe kwamfutocinmu da na rassanmu za su tambayi rumbu ko akwai sabon abu, duk abin da ya miƙo kuma haɗiyewa suke yi ba musu.

Mai kula da rumbun wani dattijo ne da muke kira Sannu-Sannu. Idan sabuwar sigar manhaja ta fito, sai ya sa ta a wata tsohuwar kwamfuta da ke lungun ɗakin, wadda yake kira ta gwaji, ya bar ta ta kwana ta wuni har ya gamsu, sannan ya zuba ta a rumbu. Wasu manhajojin kuwa ɗaure su ya yi a tsohuwar siga, ya ce firintocinmu tsofaffi ne, wannan yaren kaɗai suke ji. Kuma ba ya zubar da tsofaffin sigogi, ko da sabuwa za ta yi gardama a koma gidan jiya.

To sai ido ya matsa wa dattijon, likita ya ce sai an yi masa aiki. Ya gaya wa Maigida cewa idan ya warke ma ajiye aiki zai yi. Nan Hajiya ta shiga roƙon mijinta a ba ƙaninta kujerar. Ba yau ta fara roƙa masa ba. An sa shi a sito ya yi odar tayoyin da ba su shiga ko mota ɗaya ba, an mayar da shi ofis ya kori kwastomomi da surutu. Kowa a tashar ya san Maigida ya ce wannan ne na ƙarshe: ya riƙe mukullin ɗakin har dattijo ya dawo, idan ba abin da ya lalace, kujera tasa ce.

Kun ji fa. Abin da kawai ake so ya yi shi ne kada ya yi komai.

Ina zaune lokacin da Sannu-Sannu ya miƙa masa mukulli. Ya ce, "Waɗanda na ɗaure, kada ka kwan..."

"Na sani, Baba."

"Tsofaffin kuma..."

"Na sani. Je ka a gyara maka ido, ka bar wa masu gani aiki."

Dattijo ya dube shi da idon da ya rage masa, ya ɗauki ledarsa ya tafi.

Na-Sani ya sa wa mukullin igiya ya rataya a wuya. Bai daɗe a ɗakin ba ya fito yana girgiza kai kamar wanda ya ga gawa.

"Kun san shekarun manhajar firintocin nan?" ya tambaye mu. "Ta girmi auren Dogo."

"Kuma duk su biyun lafiya suke zaune," in ji Dogo, bai ko ɗago kai ba.

"Wannan shi ne ciwonku, ba ku da hangen nesa. Duniya ta yi gaba, ku kuna nan kuna bauta wa tsoho da tsofaffin kayansa. Ni rana ɗaya zan sabunta komai, daga nan har rassa. Babbar Sabuntawa. Sai Maigida ya ga bambancin mai ilimi da mai lalube."

Na ce, "Injiniya, ba sai ka fara gwadawa a waccan ta lungun ba?"

Ya yi wata dariya ta hanci. "Gwaji na masu shakka ne, 'yar'uwa. Ke dai ki sayar da tikitinki."

A ranar ya cire wa kwamfutar gwaji wayoyinta, ya jawo ta kusa da teburinsa, ya ɗora butar shayinsa a kai. Ya ce tsayinta daidai hannu.

Wace rana kuke tsammani ya zaɓa? Ranar da aka ba da hutun makarantu, ranar da ko mu da muka saba sai mun yi addu'a kafin mu ɗaga labulen taga. Ya ce ai a cikin cunkoso ake gane ingancin aiki. Ya kuma gayyaci Maigida da Hajiya su zo da hantsi su ga abin da ya kira ƙaddamarwa. Ya zo cikin kwat, ga zafi, ga turare kamar an fasa kwalba.

Zauren jira ya cika maƙil tun da sassafe. Iyaye da yara, akwatuna, buhuna, katifu a naɗe. Na-Sani ya buɗe ƙofar ɗakin rumbu ya tokare ta da kujera don mu ji, saboda ba ya iya yin abu ba tare da ya ba da labarinsa ba.

"Ga su nan, bayin Allah, an ɗaure su kamar awaki. Na kwance ku. Ku tafi, kun sami 'yanci."

Ya jawo sababbin sigogi daga intanet ƙunshi-ƙunshi. Can sai na ji ya yi tsaki.

"Wai babu wuri. Ina za a sami wuri, tsoho ya cika rumbu da shara? Siga kan siga, har ta zamanin da ba a haifi wasunku ba." Can sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Dogo, zo ka ga abin mamaki. Na ce ta goge tsofaffin, wai tana tambayata ko na tabbata. Na'ura tana tambayata ni ko na tabbata."

"Ta san ka ne," in ji Dogo.

Ya goge su tas. Sannan ya ce ba zai jira gobe da safe ba, ya umarci duk kwamfutocin kamfani su zo su karɓa yanzu-yanzu. Ya fito ya ƙwace makirufon sanarwa daga kan kantata, irin marar wayar nan, ya hura shi sau biyu.

"Fasinjoji masu daraja, Injiniya ke magana. Ku yi farin ciki, yau kuna cikin tarihi. Daga wannan lokaci tashar nan ta shiga sahun manyan tashoshin duniya."

Wani yaro ya tafa, uwarsa ta buge masa hannu. Na-Sani ya zura makirufon a aljihun kwat ya tsaya a bayana, hannuwa a ƙugu.

Allona ya ɗauke ya dawo. Wani dattijo mai sanda ne a gabana, na danna masa tikitin motar kudu. Firinta ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ta fara amayo takarda. Ta amayo, ta amayo, ba rubutu sai wasu ƙananan akwatuna baƙaƙe a jere. Takarda ta sauko daga kanta ta taɓa ƙasa, ta fara naɗewa a ƙafata. Ta Dogo ma haka.

Dattijon ya leƙo ta taga ya ce, "'Yar nan, tikiti na biya, ba likkafani ba."

Layi ya kwashe da dariya. Na juya na kalli Na-Sani.

"Na sani," in ji shi. "Firintocin ne ƙauyawa, sabon abu ya ruɗa su. Akwai sigar da ta fi wannan sabunta, ko gama ta ba a yi ba. Masu ita sun rubuta wai kada a sa ta a wurin aiki. Matsorata."

Ya koma ɗaki da sauri. Wannan sabuwar ba ita kaɗai ta zo ba, sai da ta jawo 'yan'uwanta da dangin mijinta, ya ce duk su shigo. Allona ya sake ɗaukewa ya dawo. Na danna, sai ga tikiti ya fito ɗan gajere, tsaf, rubutu raɗau, har ya fi na da kyau.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Ba abin da ya kai ganin wawa ya ci sa'a ciwo. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, yana gyara wuyan kwat.

"Dogo, ka ce wani abu mana. Yau bakin ya mutu?"

Na miƙa wa dattijo tikitinsa: kujera ta ɗaya. Na sayar wa wata 'yar kasuwa mai buhuna, ƙatuwar mace mai murya kamar ta maza: motar kudu, kujera ta ɗaya. Na sayar wa wani soja. Kujera ta ɗaya.

Na ce, "Injiniya, lambar kujerar nan..."

"Na sani."

To tunda ya sani, ni wace ce? Layi ya kai ƙofa, mutane na buga mini gilashi. Na ci gaba da sayarwa, Dogo ma ya ci gaba. Muka cika motar kudu, muka cika ta gabas, muka shiga ta arewa, kowa da kujerarsa ta ɗaya.

Daga tagata ana hango filin lodi. Na ga 'yar kasuwar nan ta shiga motar kudu ta baje a kujerar gaba. Na ga soja ya shiga ya nuna mata tikiti, ita ma ta nuna masa nata. Na ga wani siririn malamin makaranta ya shiga tsakaninsu zai yi sulhu, ya zaro nasa don ya nuna musu yadda ake karanta lamba, sai ya tsaya yana kallon takardar. Daga nan ban ƙara gane komai ba sai hannuwa da ke tashi sama, motar tana girgiza ba a kunna ta ba.

Baban direbobi, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ya shigo zauren, jama'a na biye da shi. Ya zube tikiti cike da hannu a kan kantata.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Ni da Dogo muka nuna da baki.

Na-Sani ya matso yana murmushi. "Baba, kwantar da hankalinka. Sabon tsari ne, a manyan ƙasashe an daina bambanta fasinja da fasinja."

"Mota mai kujera ɗaya nake tuƙawa?"

"Ba za ka gane ba, abin na ilimi ne."

'Yar kasuwa ta ture Baban direbobi gefe ta tsaya a gabansa. Ta fi shi tsawo, ta ninka shi faɗi.

"Kai ne mai ilimin? To zo mu je ka zauna a cinyata, soja ya zauna a taka, malam ya hau kansa, ka nuna mana yadda ake yi a manyan ƙasashen."

"Hajiya, ki saurare ni..."

"Ni ba Hajiyarka ba ce. Kayana na lalacewa a rana, kai kana nan kana warin turare."

Ana cikin haka shugaban masu lodi ya leƙo ya ce sikeli ya haukace, duk abin da aka ɗora sai ya ce babu nauyi. Su kuma da suka ga babu nauyi sai suka yi ta lodawa a motar gabas, yanzu ga ta can ta durƙusa ta baya kamar raƙumi. Na-Sani ya buɗe baki zai ce abin da ya saba cewa, sai wayoyin zauren suka yi ƙara.

Duka a lokaci ɗaya. Na aljihu, na jaka, na hannun yara, kowace da irin kukanta. Kowa ya sunkuya yana dubawa.

Abin da ya faru shi ne, akwai doka a manhajarmu tun da can: motar da ba ta sami fasinjoji ba, a soke tafiyarta a aika wa mutane saƙo. Manhaja ta duba ta ga kowace mota kujera ɗaya tak aka saya. Sai ta yi aikinta. Na ɗaga kai na ga babban allo yana sauya layi ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa, da jan rubutu: an soke, an soke, an soke.

Ban san zauren nan na iya ɗaukar irin wannan hayaniya ba. Mata na salati, yara na kuka, wani mutum ya hau kan benci yana cewa gobe ake ɗaura wa ƙaninsa aure. Wayar ofis ta fara ruri, reshen gabas ne, suna tambaya ko mu ma. Kafin in ajiye, reshen kudu. Su a can har an fasa gilashin taga.

Gumi ya jiƙa wa Na-Sani wuyan riga. Dogo ya ce masa, a hankali, don shi ma ya fara tsorata, "Injiniya, bar wasa. Mayar mana da ta jiya kawai."

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido.

"Mayar da ita mana. Sannu-Sannu yakan yi, ba ya ɗaukar lokaci."

"Ba a komawa baya a ilimi," in ji shi, muryar ta siranta. Sai kuma fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila. "Na gano. Rumbun ne. Ta yaya tsohon rumbu zai riƙe sabon kaya? Shi kansa zan sabunta."

Na ce, "Shi rumbun daga ina yake karɓar nasa?"

"Daga kansa mana."

"To idan yana cikin..."

"Na sani."

Ya shige ɗaki, wannan karon ya ture kujerar ya rufe ƙofa. Ban san me ya danna ba. Na dai san tun ranar da na fara aiki a tagar nan gurnanin baƙar kwamfutar yake a bayana, har na daina jin sa. Sai da ya tsaya na ji shi. Allona ya nuna wani ɗan zobe yana juyawa, na Dogo ma, babban allon ma. Kwamfutocin sun haɗiyi rabin abu, rabin ya maƙale, suna ta kiran rumbu ba amsa. Zoben ya juya, ya juya, sannan komai ya yi baƙi.

Jama'a suka yi cirko-cirko. A cikin wannan shirun ne lasifikokin zauren suka yi ƙara, muka ji numfashi sama-sama. Makirufon nan na aljihun kwat, ashe tun sanarwar tarihi bai kashe shi ba, hayaniya ce ta hana mu lura.

"Tashi mana," in ji lasifika, a duk kusurwar zauren har filin lodi. "Don girman Allah ki tashi. Haba 'yar albarka. Me na yi miki? Ni ne fa, Injiniya."

Aka ji ɗas-ɗas, yana dukan ta da tafin hannu.

"Wayyo na shiga uku. Wayyo Yaya za ta kashe ni."

Soja ya fara dariya har da riƙe ciki. Na miƙe zan je in buga masa ƙofa, don duk tsanar da nake masa abin ya fara ba ni kunya. Sai na hango Maigida a bakin zauren, Hajiya a gefensa cikin adon zuwa ƙaddamarwa, har da 'yar jakarta mai ƙyalli. Mutane na buɗa musu hanya. Na koma na zauna.

Lasifika ta ci gaba. "To, tsaya. Natsu. Idan Maigida ya tambaya, 'yan taga ne. Eh. Ita ta taga ta biyun nan mai bakin tsiya, ita ta danna wani abu. Da Dogo. Dama ba sa ƙaunata. Yaya za ta yarda, ita komai na faɗa mata yarda take yi."

Kunyar da nake ji masa ta tafi ba sallama. Da makirufon nan a kashe yake, da ni da Dogo ne za mu kwashi kayanmu a ranar, kuma ina da 'ya'ya a makaranta. Na kalli Hajiya. Ta tsaya cak a tsakiyar zauren, duk idon jama'a a kanta, fuskarta kamar an watsa mata ruwan sanyi.

Ƙofa ta buɗe. Ya fito ya gyara kwat, ya shirya fuskar wanda aka zalunta. Da ya ga Maigida sai ya ƙara saurin tafiya.

"Ranka ya daɗe, gara da ka zo. Zagon ƙasa aka yi mini, kuma na san waɗanda..."

Muryarsa ta fito ta bakinsa, ta kuma fito ta lasifika. Ya tsaya. Ya dubi sama, ya dubi aljihunsa. Ya zaro makirufon a hankali kamar wanda ya kamo kunama.

"Ci gaba," in ji 'yar kasuwa. "Muna jin ka tun ɗazu, muryarka da daɗi."

Maigida ba mai yawan magana ba ne. Ya ciro waya ya kira gidan Sannu-Sannu, ya buɗe murya kowa na ji. Matarsa ta ɗauka ta ce idonsa a naɗe yake, likita ya hana shi kallon ko fitila, amma ga shi.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji dattijon bayan ya saurara. "Abu ne mai sauƙi. A tayar da rumbu, tsofaffin sigogin suna ciki, a mayar da su."

Maigida ya dubi Na-Sani. Na-Sani ya dubi takalminsa.

"Ya goge su," in ji Dogo. "Har ta tambaye shi ko ya tabbata."

Dattijon ya ce, "To, a kunna ta gwaji. Akwai kwafin komai a cikinta."

Baban direbobi ya shiga ɗakin da kansa. Ya fito rungume da kwamfutar gwaji, ya karkata ta a gaban Maigida. Ruwan shayi ya zubo ta ramukan bayanta, har da ganye. Butar ce ta tafasa ta yi ambaliya tun safe, mai ilimi yana can yana shiga tarihi.

"Allah ya ba ka lafiya, Baba," in ji Maigida, ya kashe wayar.

Na-Sani ya juya wajen yayarsa. "Yaya, ki bari in yi miki bayani. Abin da ya faru a kimiyyance..."

"Zo nan."

Ya matso. Ta ɗaga hannu, ya kare fuska yana tsammanin mari. Igiyar wuyansa ta kama, ta zare ta ta kansa, har ta tafi da gilashin idonsa. Ta sa mukullin a hannun mijinta.

"Ni na roƙa aka ba shi, ni na karɓo," ta ce. Kowa ya ji ta. "Tun yana goye a bayana nake tare masa faɗa. Yau na ji da kunnena abin da yake ɗaukata. Alhaji, ka yafe mini. Ba zan ƙara buɗe baki in roƙe ka komai a kansa ba."

Sannan ta zo har tagata, matar da ba ta taɓa sanin ina duniya ba, ta ce, "Yi haƙuri, 'yata." Na ce ba komai, Hajiya, kuma wallahi tausayinta ya kama ni, don idonta ya cika da hawaye.

Maigida ya ba da umarni a taƙaice. A ɗauko biro da takarda, ni da Dogo mu sake rubuta wa kowa tikiti da hannu. Baban direbobi ya tsaya a ƙofar kowace mota ya zaunar da mutane, tsofaffi da masu goyo a gaba. A sauke rabin kayan motar gabas. A kira rassa su yi haka. Ya ba jama'a haƙuri da bakinsa, ya kama hanyar fita, Hajiya na biye da shi.

Na-Sani ya tsinci gilashinsa ya bi su da sauri, don kullum a motarsu yake komawa gida, a gaba kusa da direba. Muna kallo ta ƙofar zauren. Ya kai hannu zai buɗe, ƙofa a kulle. Ya ƙwanƙwasa gilashin baya yana kiran Yaya. Hajiya ba ta ko juyo ba, motar ta ja ta bar shi tsaye da hannu a sama.

Ya daɗe a wurin. Sannan ya dawo zauren yana kaɗe kwat, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Dama ni na ce su wuce," in ji shi. "Akwai aiki a nan."

"Akwai kuwa," in ji Baban direbobi.

Ya yafito masu lodi biyu, suka ɗago buhun 'yar kasuwa mafi girma suka aza masa a kai. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kwat ta yage ta hammata. 'Yar kasuwa ta bi shi a baya har bakin mota tana cewa ya yi a hankali, kayan fashewa ne. Ni kuma na lashi bakin biro na kira na gaba a layi.